Wayar jita: siririya ko kakkaura? Gardamar makaɗa da ta shafi aljihun ƴan kasuwa

Duk wanda yake zuwa buki a Agadas, ko Tawa, ko unguwannin Yamai inda ake kaɗa jitar lantarki, ya san wannan abin takaici. Rawa ta yi zafi, mata sun cika fili ana ta liƙi, sai a ji ƙas! kiɗa ya tsaya cak. Waya guda ce ta tsinke, in kuwa makaɗin bai zo da wata ba, to uwar buki da ta biya kuɗinta sai ta zuba ido ana ƙulle-ƙulle, baƙi suna watsewa. Wannan ƴar waya ita ce mafi araha a cikin kayan kiɗan duka, amma ita ce makaɗa suka fi yin gardama a kanta, kuma mun ga ya kamata ƴan kasuwarmu da ke sayar da ita su san dalilin gardamar.

Bari mu fara da lambar da ke jikin fakiti. Jita tana da waya shida, kowace da kaurinta. In kun ji makaɗi ya ce a ba shi lamba 9 ko lamba 10, kaurin ta farko yake nufi, wato wadda ta fi siranta. Da ma'aunin inci na Amurka ake auna ta: lamba 10 kashi 10 ce cikin dubu na inci guda, kusan rubu'in milimeta ke nan. Fakitin da ya fara da 9 yakan ƙare da 42, mai farawa da 10 kuma ya ƙare da 46. A ido bambancin ba ya ganuwa, amma yatsa yana jin sa. In aka ɗaure wayoyin lamba 9 aka daidaita su, jan da suke yi wa wuyan jita ya kai kilo 38, na lamba 10 kuwa wajen kilo 46. Ku dubi mutumin da zai kwana yana danna wannan da kan yatsunsa.

Masu son kakkaura suna cewa muryarta ta fi cika, ba ta saurin saki, kuma tana jure duka. Gwarzonsu shi ne Stevie Ray Vaughan, makaɗin Teksas da ya rasu a 1990, wanda yake ɗaura lamba 13, ko da yake yakan ɗan sassauta ɗaurin ƙasa da yadda aka saba domin hannu ya iya. Masu son siririya kuma sai su ce ai jitar lantarki ce, ƙara daga ampili take fitowa, don me mutum zai wahalar da yatsunsa? Su ma suna da nasu gwanaye. Billy Gibbons na ƙungiyar ZZ Top ya sha ba da labarin yadda marigayi B.B. King ya ɗauki jitarsa, ya ji taurin wayoyin, ya tambaye shi dalilin wannan shan wahala. Daga nan ya koma sirara, har ya sauka lamba 7, kuma babu wanda ya taɓa cewa kiɗansa ba shi da nauyi. Haka Tony Iommi na Black Sabbath a Ingila, wanda injin masana'anta ya datse wa kan yatsu biyu yana ɗan shekara 17. Dole ta sa shi neman wayoyi masu taushi, kuma da su ya fitar da kiɗan da aka sani da nauyi da ruri.

A ganinmu masu siririya sun fi hujja a kan maganar murya, masu kakkaura kuma sun fi hujja a kan maganar ƙarko.

Wani abin da zai yi wa ƴan kasuwa daɗi shi ne, mai kanti ne ya buɗe wannan gardamar. A da, kamfanoni wayoyi masu kauri kawai suke yi. Makaɗan da ke son taushi sai su sayi fakiti, su yar da ta shida, su matsar da sauran, su cike gurbin ta farko da wayar banjo, wani abin kiɗa na Amurka mai kama da gurmi. Wani mai kantin jita a Kalifoniya, Ernie Ball, ya lura yara masu koyo suna kasa danna wayoyin. Ya kai kuka ga kamfanin Fender a rage kaurin, ba a saurare shi ba, sai ya sa aka yi masa nasa, ya fito da su a 1962 da sunan Slinky. Yau sunansa yana cikin manyan sunayen wannan kasuwa a duniya, tare da irin su D'Addario. Sauraron mai saye ne kawai ya kai shi nan.

To amma duk wannan zaɓe na wanda ya samu ne. A nan ƙasarmu Nijar da yawa sun fara ne da abin da hannu ya kai. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, da katako da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, domin a gidansu ba a yarda da kiɗa ba, balle a saya masa. A Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, waƙoƙin suka yi ta yawo daga salula zuwa salula, kafin ya kai ga manyan dandamali na Turai da Amurka. Bombino na Agadas shi ma, kundinsa Deran na 2018 ya sa sunansa ya shiga takarar kyautar Grammy, karo na farko ga ɗan Nijar. Ku saurari salon kiɗan nan na hamada da kyau: yatsun hannun da ke kan wuyan jita ba sa zama, suna bugun waya suna fizgarta cikin sauri, ga kuma wata waya tana ta amo a ƙarƙashi. Irin wannan gudu waya mai taushi ce ke sauƙaƙa shi. Sai dai kiɗan buki ba na minti talatin ba ne, kuma siririya ba ta da haƙurin dogon dare. Shi ya sa muke ganin lamba 10 ta fi dacewa da mai cin abinci da buki, lamba 9 kuma a bar wa mai koyo da yatsunsa ba su yi kanta ba tukuna.

Kuskuren da ya fi cutar mai saye ba ma na lamba ba ne. Jitar lantarki ba ta jin waya sai ta mayen ƙarfen da ke ƙarƙashinta, abin da makaɗa ke kira mikro. Abin da mayen ƙarfe ba ya ja, ampili ba ya faɗa. Saboda haka wayar roba ta nailan ba ta aiki sam, kamar dai a ɗauko izgar dokin goge a ɗaura. Wayoyin jitar katako masu ruwan zinariya kuwa da tagulla aka naɗe su, shi ya sa in aka ɗaura su a ta lantarki sai masu kaurin su yi ƙasa-ƙasa, sirara su danne su. Ta lantarki fara ce, ƙarfe ne da aka shafe da nikel. Akwai mai zallar nikel, muryarta ta fi sanyi, tsofaffin makaɗa suna sonta. Akwai ta inoks, irin na kwanonin da mata suka sani, ba ta saurin tsatsa, muryarta da kaifi, amma wasu sun ce tana da kaushi a yatsa kuma tana cin ƙarafan wuyan jita.

Maganar tsatsa kuwa ita ce tamu. Gumin bazara gishiri ne, ƙurar hunturu tana shiga tsakanin naɗin waya ta kashe mata murya, damina kuma ta ƙarasa. A 1997 kamfanin Gore na Amurka ya fito da wayoyin Elixir masu wata ƴar riga ta roba da ke tare gumi da dauɗa. Sun fi tsada nesa, sun kuma fi daɗewa, amma nan ma makaɗa sun rabu biyu, wasu suna cewa santsinsu ya yi yawa kuma rigar tana rage kaifin murya. Wanda hannunsa ke zubar da gumi zai iya mayar da kuɗinsa a kansu. Wanda ba shi da hali, ƙyalle busasshe ya ishe shi, ya goge sama da ƙasan kowace waya da zarar an tashi. Masu dafa tsofaffin wayoyi a ruwan zafi kuwa, dauɗa takan fita murya ta ɗan dawo na ƴan kwanaki, amma ƙarfen da ya gaji ya gaji.

Ga mai sarin kayan, jabu ta yi yawa, har D'Addario ya riƙa buga lambar tantancewa a jikin ledar ciki, wadda ake dubawa a intanet. Fakitin da ledarsa ta huje kada a karɓa, domin waya tana tsatsa tun tana kanti. Kuma a tanadi ta farko ɗai-ɗai, ita ce ta fi tsinkewa, ba kowane makaɗi ke iya sayen shida saboda guda ba. In mutum ya dawo sau biyu sau uku yana cewa wayarku tana tsinkewa, ku tambaye shi inda take tsinkewa. In kullum a wuri guda ne, can gindi inda waya ke hawa kan ƙarfe, to ƙarfen ne ya yi kaifi, sai ya kai jitar a goge masa wurin. Haka wanda ya tashi daga lamba 9 zuwa 11, wuyan jitarsa zai ɗan lanƙwasa, wayoyi su yi nisa da katako, sai mai gyara ya juya sandar ƙarfen da ke cikin wuyan kafin ta koma daidai.