Ilmi Mai Zurfi: Amfanin Haɗa Kai Tsakanin Mata Masu Neman Digirin Dokta

Tun daga shekarar 1963, lokacin da Grace Alele-Williams ta zama mace ta farko 'yar Nijeriya da ta sami digirin dokta a Jami'ar Chicago ta ƙasar Amurka, matan da ke bin wannan hanya sai ƙaruwa suke yi. Amma har yanzu akasarinsu kowace tana fama ne ita kaɗai a sashenta. Mai karatun likita ba ta san abin da mai nazarin ƙasa da duwatsu take ciki ba, ko da kuwa ɗakin karatu ɗaya suke shiga.

Su kuwa matsalolin jama'a ba sa zuwa sashe-sashe kamar yadda aka raba jami'a. Abin da ya auku a Jihar Zamfara cikin 2010 ya isa misali. A ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara fiye da 400 suka rasu saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya, waɗanda ake dakawa da niƙawa har a cikin gidaje. Likitoci suna da maganin fitar da gubar daga jini, amma maganin ba shi da wani amfani muddin yaro zai koma wasa cikin ƙurar da ta sa masa ciwon. Sai da masana sinadarai suka auna ƙasar, injiniyoyi suka kankare ta sama suka zuba sabuwa, sa'an nan sarakuna suka sa baki aka fitar da aikin niƙan bayan gari. Garin Bagega bai sami wannan gyara ba sai cikin 2013.

A irin wannan aiki mata suna da wata dama wadda maza ba su da ita. Gidan da namiji baƙo zai tsaya a zaure, mace za ta wuce har gindin murhu, ta ga turmin da aka yi dakan, ta ji ta bakin uwar yaro. To, in ɗaliba uku, watau ta likita da ta sinadarai da ta ilmin zaman jama'a, suka shiga gida guda tare, abin da za su gano ya fi ƙarfin kowace ɗaya daga cikinsu. Bugu da ƙari, kuɗin mota da na masauki za su ragu, iyaye da mazaje kuma sun fi sakin jiki da tafiyar ayari.

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Ƙungiyar Women in Nigeria ta samo asali ne daga wani taron ƙara wa juna ilmi da aka yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya cikin 1982.

Babban cikas shi ne, kowace ɗaliba dole ta kare kundinta da sunanta, wasu malamai kuma ba sa son ɗalibarsu ta leƙa wani sashe. Maganin wannan yana hannun makarantun gaba da digirin farko: su ware rana guda kowane wata da ɗalibai za su saurari binciken juna, su yarda a naɗa malami mai duba aiki na biyu daga wani sashen, su kuma rubuta ƙa'ida tun farko game da wadda ta mallaki kowane ɓangare na bayanan da aka tattaro tare. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.