Koyar da Sana'a a Kafanchan: Yadda Gidauniyar Fantsuam ke Haɗa Horo da Jari

KAFANCHAN — Masana tattalin arziki sun daɗe suna jan hankali cewa koya wa matashi sana'a ba tare da an sama masa jari da kasuwa ba, tamkar ba shi fartanya ne babu gona. Garin Kafanchan da ke Ƙaramar Hukumar Jema'a a kudancin Jihar Kaduna na daga cikin wuraren da aka gwada haɗa waɗannan abubuwa uku a ƙarƙashin inuwa guda, ta hannun wata ƙungiya mai zaman kanta, wato Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a shekarar 1996.

Domin fahimtar dalilin kafuwar gidauniyar, wajibi ne a waiwayi tarihin garin. Kafanchan ta bunƙasa ne a dalilin jirgin ƙasa. A wajajen shekarar 1927 layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya bi ta Inugu da Makurɗi ya haɗu a nan da wanda ya nufi Kaduna da kuma reshen da ya hau Jos, lamarin da ya mayar da garin babbar mahaɗa. Ma'aikatan hukumar jiragen ƙasa daga sassa daban-daban na ƙasar nan suka zauna da iyalansu, albashinsu kuma shi ne ke juya kasuwa, tun daga mai shago da tela har zuwa mai tuwo-tuwo. Unguwar Bayan Loko, inda hedkwatar gidauniyar take, ta samo sunanta ne daga wurin ajiya da gyaran kawunan jirage da ke gabanta.

Da harkar jiragen ƙasa ta fara durƙushewa a shekarun 1980, sannan aka shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP a shekarar 1986, kuɗin da ke yawo a garin ya ragu ƙwarai. Wannan shi ne haɗarin da ke tattare da duk garin da ya rataya ga ma'aikata guda: idan ta yi rauni, ƙananan sana'o'in da ke ci a gindinta su ma sai su bi ta. Rikice-rikicen da garin ya fuskanta, musamman na watan Maris na 1987 da kuma na bayan zaɓen 2011 wanda ya ci kasuwar garin, sun ƙara sanyaya gwiwar masu son zuba jari.

Gwamnatin tarayya ba ta zauna haka kawai ba. Tun a shekarar 1971 ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda hedkwatarsa ke Jos. A ƙarshen 1986 ta kafa Hukumar Samar da Ayyukan Yi ta Ƙasa, NDE, wadda ke tura matasa koyon sana'a wurin masu gidan aiki. Bankin Jama'a ya biyo baya a 1989, sai bankunan al'umma a 1990. Sai dai kowace hukuma na riƙe da ɓangare ɗaya ne na matsalar: wannan na ba da horo, wancan na ba da rance, kuma sau da yawa wanda ya sami ɗaya ba ya samun ɗayan.

Wannan giɓi ne waɗanda suka kafa gidauniyar, cikinsu har da Dokta John Dada da Uwargida Kazanka Comfort, suka yi nufin cikewa. Gidauniyar ta soma ne da ba wa matan karkara ƙaramin rance a ƙungiyance. Tsarin ya yi kama da na Bankin Grameen na ƙasar Bangaladash, wanda Farfesa Muhammad Yunus ya assasa, kuma ba baƙo ba ne ga duk wanda ya san adashi. Ba a neman takardar fili ko ta gida a matsayin jingina. 'Yan ƙungiyar ne ke tsaya wa juna. Hikimar da ke ciki ita ce, maƙwabciya ta fi ma'aikacin banki sanin wadda ke da riƙon amana, kuma kunyar idon jama'a kan sa a biya bashi a kan lokaci. Ta haka kuɗin bincike da na bibiyar masu bashi, waɗanda su ne ke hana manyan bankuna shiga ƙauye, ke raguwa.

Daga nan aka ƙara da ilmin na'ura mai ƙwaƙwalwa. An buɗe cibiyar koyo a Bayan Loko inda ake amfani da kwamfutocin da aka yi wa kwaskwarima, waɗanda ba su kai sababbi tsada ba. A shekarar 2001, wato shekarar da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya, cibiyar ta lashe lambar yabo ta Hafkin wadda ƙungiyar sadarwa ta APC ke bayarwa a nahiyar Afirka, kuma ita ce ta farko da ta samu. Daga bisani gidauniyar ta zama cibiyar koyar da darussan kamfanin Cisco, inda ake horar da matasa kan haɗa kwamfutoci da kula da hanyoyin sadarwa. Amfanin irin wannan takardar shaida shi ne, mai ɗaukar ma'aikata a Abuja ko Legas ya san darajarta ko da bai taɓa jin sunan makarantar da ta ba da horon ba.

Har ila yau, a tsakiyar shekarun 2000, da tallafin cibiyar binciken raya ƙasashe ta Kanada, IDRC, gidauniyar ta kafa ZittNet, wata hanyar rarraba intanet ba tare da waya ba ga cibiyoyi da makarantu a Kafanchan da kewaye. Aikin ya zama wurin gwaji ga ɗaliban da aka horar, ya kuma fito da matsalolin da kowane ɗan kasuwa a yankin ya sani. Rashin tsayayyiyar wutar lantarki ya tilasta dogaro da batura da hasken rana, sannan a shekarar 2008 guguwa ta kayar da dogon ƙarfen sadarwar. Asarar ta nuna cewa a karkara kuɗin kafa na'ura ɓangare ne kawai na lissafi; dole a tanadi na wuta, na gyara da na abin da ba a zata ba.

Irin wannan yunƙuri na da tushe a wasu ƙasashe. A birnin Filadelfiya na Amurka, wani limamin coci baƙar fata, Rabaran Leon Sullivan, ya jagoranci ƙaurace wa kayayyakin kamfanonin da ke ƙin ɗaukar baƙaƙen fata aiki a farkon shekarun 1960. Da kamfanonin suka buɗe ƙofa, sai ta bayyana cewa da yawa daga masu neman aikin ba su da horon da ake buƙata. Wannan ya sa a shekarar 1964 ya buɗe cibiyar koyar da sana'o'i ta OIC a wani tsohon ginin da 'yan sanda ke tsare mutane a da. Tsarinsa na da matakai uku: share fage da karatu da lissafi da ladubban aiki, sannan koyon sana'ar, sannan sama wa ɗalibi gurbi, tare da tuntuɓar kamfanoni tun farko kan irin ma'aikatan da suke nema. A shekarar 1970 aka buɗe reshen OIC a Legas. Bambancin da ke tsakanin wuraren biyu a fili yake: a Filadelfiya masana'antu na nan, wariyar launin fata ce ta tare hanya, amma a kudancin Kaduna guraben aikin albashi ne suka yi ƙaranci. Saboda haka wanda aka horar a Kafanchan galibi shi zai ɗauki kansa aiki, abin da ya sa rance ya zama dole.

Tambayar da ta rage ita ce ta kasuwa. Idan aka yaye teloli ko masu buga takardu fiye da abin da gari ke iya ɗauka, farashin aikinsu zai faɗi, biyan rance ya gagara, ko kuma ƙwararrun cikinsu su yi ƙaura zuwa Abuja da Kaduna. Arzikin yankin kuwa na cikin ƙasa ne, musamman citta, wadda ƙananan hukumomin Kachia, Jaba da Kagarko suka yi suna wajen nomanta, kuma ake fitar da ita ƙasashen waje. Mafi yawanta na barin yankin ne a busasshiya, ribar niƙa da tatsar mai da ƙunshewa na tafiya wasu wurare. Annobar da ta afka wa gonakin citta a daminar 2023 ta kuma tabbatar da cewa dogaro da amfanin gona guda na da irin haɗarin da dogaro da jirgin ƙasa ya haifar a baya. Horon da ya shafi adana iri, sarrafa amfanin gona, gyaran injuna, haɗa wutar sola da riƙe littafin ciniki shi ne ya fi kusa da inda kuɗi ke fitowa.

Akwai kuma batun ɗorewa. Ƙungiyar da ta dogara kacokan ga tallafin ƙasashen waje na iya tsayawa cik ranar da masu tallafin suka sauya alƙibla. Idan kuma ta ɗora cikakken kuɗin horo a kan ɗalibi, talakan da aka kafa ta dominsa ba zai iya shiga ba. Mafita ta tsakiya ita ce karɓar kuɗi daidai gwargwado, sayar da wasu ayyuka ga masu hali, da amfani da 'yan sa kai bisa al'adar gayya.

A nan ne 'yan kasuwa ke da rawar takawa, kuma don amfanin kansu. Mai shago ko masana'anta da ya karɓi ɗalibi na wasu watanni ya sami damar gwada hali da ƙwazonsa kafin ya ɗauke shi aiki. Dillalin citta da ya faɗa wa cibiyar horo irin bushewa da tsabtar da masu saye daga waje ke nema, ya rage wa kansa asarar kayan da ake mayarwa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kafanchan, Zonkwa da Kachia na iya zama da masu tsara darussa a kowace shekara domin bayyana sana'o'in da suka yi ƙaranci da waɗanda suka cika kasuwa, kafin a ɗauki sababbin ɗalibai.