Tekun Gombe na Dadin Kowa: Wa zai ɗauki nauyin binciken abin da ke cikinsa?

Da yamma ta yi a unguwar Hammadu Kafi da ke Gombe, ƙamshin soyayyen kifi kan cika bakin titi. Da wuya mai saye ya tambayi inda tarwaɗa ko karfasar da ke cikin kaskon ta fito. Amsar sau da yawa tana gabas da birnin, a madatsar ruwa ta Dadin Kowa da ke kan Kogin Gongola, cikin Ƙaramar Hukumar Yamaltu/Deba.

Madatsar, wadda ke iya riƙe ruwa kimanin kubik mita biliyan 2.8, ita ce ke shayar da birnin Gombe, tana ba manoman rani ruwa, tana kuma samar da lantarki mai ƙarfin megawat 40. Ga masunta kuwa, ita ce gonarsu. Sai dai duk ruwan da jama'a suka dogara da shi haka yana bukatar masu lura da lafiyarsa.

A watan Agustan 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ƙirƙiro Ma'aikatar Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, daga baya kuma aka mayar da sashen kamun kifi ƙarƙashinta. Kalmar "teku" kan sa hankali ya tafi Legas, inda Cibiyar Binciken Teku ta Ƙasa, NIOMR, take tun 1975. Amma Arewa ma tana da nata tarihin: Cibiyar Binciken Kifin Koguna da Tafkuna, NIFFR, da ke New Bussa a Jihar Neja, ta samo asali ne daga aikin nazarin Tafkin Kainji a 1968.

Me bincike ke yi wa masunci? Idan iskar da kifi ke shaƙa a cikin ruwa ta ragu, kifi kan daina girma, wani lokaci ya mutu. Zaizayar ƙasa kan cike gindin tafki da laka, taki da maganin feshi daga gonaki kan gangara cikinsa, raga mai ƙananan idanu kuma kan kwashe kifi tun bai hayayyafa ba. Ga kuma katantanwar da ke yaɗa cutar tsargiya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake ganewa da ido kaɗai. Sai da awo, wata bayan wata.

A nan ne batun kuɗi ke shigowa. Asusun TETFund yana tallafa wa bincike a manyan makarantun gwamnati, kuma Jami'ar Jihar Gombe, wadda aka kafa a 2004, da Jami'ar Tarayya ta Kashere, wadda aka kafa a 2011, duk suna da damar nema. Amma gina ɗakin gwaji shi ne mafi sauƙi. Abin da ke raya shi shi ne kwale-kwale da mai, sinadaran gwaji, wutar da ba ta yankewa, da ma'aikacin da ya iya sarrafa na'ura ya kuma gyara ta.

Don haka duk tallafin da zai amfani Dadin Kowa ya kamata ya wuce shekara guda, ya ware kaso domin horar da matasa, musamman 'ya'yan masunta, kan ƙyanƙyashe kifi da auna ruwa, sannan a mayar wa Sarkin Ruwa da jama'arsa sakamakon cikin harshen da suke ji.

Tafkin Chadi ya riga ya nuna cewa ruwa ma yana iya ja da baya. Idan Gombe tana son kaskon Hammadu Kafi ya ci gaba da ƙamshi, yanzu ne lokacin sanin abin da ke ƙarƙashin ruwanta.