Haddar Kalmomi Ba Ita Ce Sanin Turanci Ba

Akwai wata magana da na gaji da jinta daga Agyaragu har cikin Lafiya: wai duk yaron da ya riƙe wasan haɗa kalmomi a waya, yana haddace kalmomin Turanci ashirin kullum, to ya gama da JAMB da WAEC. Wasu masu lesin suna faɗa, iyaye suna sayen data, yara kuma sun cika shagunan caji na bakin titin Makurdi, kai a sunkuye, yatsa na ta zarya. Ka tambayi yaro ma'anar kalmar da ya ci maki da ita yanzun nan, sai ya yi maka zuru.

Uban waɗannan wasanni shi ne Scrabble, wanda Alfred Butts, wani mai zanen gine-gine a Amurka, ya ƙirƙiro a 1938: allo mai gida 225, ƙwayoyin haruffa 100, kowa ya ɗebi bakwai ya haɗa kalma. Wordle, da Josh Wardle ya fitar a 2021, cankar kalma ce mai harafi biyar cikin gwaji shida.

To ga abin da masu wannan tallar ba sa faɗa. A gasar Scrabble babu mai tambayarka ma'ana. In kalmar tana cikin jerin da aka amince da shi, ka ci makinka, ko da ba ka san ko sunan tsuntsu ba ne ko na ciwo. A 2015 Nigel Richards, mutumin New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Faransanci a Beljiyam, alhali ba ya jin Faransanci. Jerin kalmomin ya haddace cikin 'yan makonni. A 2024 ya maimaita haka da Sifaniyanci a birnin Granada. Gwani ne, babu ja. Amma ka zaunar da shi ya rubuta wasiƙa da harshen, a nan gizo ke saƙa.

Mu ma muna da abin alfahari. A Nuwamban 2015 Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya doke Lewis Mackay na Ingila a Perth ta Ostareliya, ya zama ɗan Afirka na farko da ya ci kofin duniya. Kuma an san 'yan wasan Najeriya da gajerun kalmomi da toshe wa abokin karawa hanya. Wato lissafi da dabara ne ke ci, ba dogon Turanci ba.

Jarrabawa kuwa ba haka take ba. Kalma za a saka maka cikin jimla, a ce ka zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta. Kalmar “bank” a wata jimlar ma'ajiyar kuɗi ce, a wata gaɓar kogi. Mai karatun aku ta ina zai bambance? Shi ya sa kake ganin takardar neman aiki cike da manyan kalmomi kowace na hararar 'yar'uwarta, mai ɗaukar aiki ya karanta layi biyu ya ajiye. Tara bulo a fili ba shi ne gina gida ba. Abin takaici, mu manya ne muke tafa wa yaron da ya furta kalmar da mu kanmu ba mu fahimta ba, muna cewa “kai, yaron nan ya sha boko!”

Cunkoson aji da rashin ɗakin karatu su ma suna da nasu laifin.

Ban ce a bar wasan ba, yana gyara rubutu yana wasa ƙwaƙwalwa. A dai sa masa ƙa'ida. Kalma biyar a rana ta isa. Kowace ka buɗe ƙamus ka karanta dukkan ma'anoninta, ba ta farko kaɗai ba. Ka rubuta ta a littafi na musamman, ka gina jimla da ita a kan abin da ka sani: cinikin doya a kasuwa, kuɗin mota zuwa Lafiya, aikin gona. Ranar Juma'a ka koma kan na makon, wadda ta kwanta ka tashe ta.

Ka karanta littafin da JAMB ta zaɓa daga bango zuwa bango, ba taƙaitawar da ake yawo da ita a WhatsApp ba. Ka riƙa karanta jarida da sauraron labarai da Turanci, domin a bakin mutane kalma take rayuwa. Ko ƙamus na Oxford bin bakin jama'a yake, shi ya sa ya karɓi Kannywood a 2020.

In za ku yi wasa, ku yi a kan allo, ido da ido, ku sa doka: wanda ya ajiye kalma ya faɗi ma'anarta ya sa ta a jimla, in ya kasa babu maki. Manhajar da ta ce ka zuba kuɗi ka ci kuɗi kuwa, caca ce ta yi shigar malamai, ka goge ta.

Iyaye, ku riƙa tambaya: “Me wannan kalmar take nufi? Faɗa mini da Hausa.” Masu lesin kuma ku ji tsoron Allah. Kuɗin da ake biyan ku gumin manomi ne, ku koyar da yara harshe, ku daina sayar musu da jerin kalmomi.