Mesa A Gida: Wahalar Sauya Mata Abinci

A ƙasar Hausa an fi sanin maciji a kwandon gardi, amma yau a Abuja akan sami mai sha'awa ya ajiye ƙaramar mesa cikin akwatin gilashi a ɗakinsa. Irin wadda aka fi ajiyewa ita ce mai dunƙulewa kamar ƙwallo idan ta tsorata. Asalinta Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, ba ta da dafi, ba ta cika wuce mita 1 da rabi ba, tana kuwa iya yin shekara 30 a hannun mai kula. Daga Togo da Binin da Gana ake fitar da ita zuwa Amurka da Turai.

To, rigimar daga bakinta take farawa. Mai sayarwa yakan saba mata da ƙananan ɓeraye, watau kusu, alhali kuwa idan ta girma kusu ɗaya ba ya ƙosar da ita, sai babban ɓera. Ita kuwa da ƙamshi take gane abinci, da kuma ɗumin jiki wanda take ji ta wasu 'yan ramuka da ke leɓenta. Abin da ba ta saba ba sai ta kau da kai, har ta yi watanni ba ta ci ba, musamman lokacin hunturu.

Masu kiwo sun ce kada a yi garaje. A bar sabuwar mesa mako guda ko biyu ba taɓawa, ta ci kusun da ta sani sau biyu ko uku tukuna. Daga nan a sami ɗan ɓera matacce wanda kaurinsa bai fi tsakiyar jikinta ba, a ɗumama shi da ruwan zafi, a goga masa shimfiɗar kusu don ya ɗauki warinsa, a miƙa mata da dogon matsefi bayan magariba. In ta ƙi, a jira mako. In ta ci, kada a ɗaga ta sai bayan kwana 2, don kada ta amayar. Ɓera mai rai kuwa yakan juya ya ciji mesar.

Amma babban hatsarin a nan gida yake. Wani zai ce ga ɓeraye kyauta a bayan ɗaki, me ya kai shi saye? Wanda ya ci shinkafar ɓera yana iya kashe mesar. Bugu da ƙari, ɓeran nan mai nonuwa da yawa, wanda Turawa ke kiwo musamman don lallashin mesa mai tsirfa, ɗan'uwansa na daji shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke Jihar Borno ta yanzu. Saboda haka sai dai ɓeran kiwo, a daskarar da shi a firji, kuma a zubar da duk wanda ya narke ya kwana idan an ɗauke wuta.