Dokar Ƙwadago da Haƙƙin Ma'aikaci a Birnin Katsina

A wannan takarda muna so mu duba abubuwa biyu da suka fi addabar ƙaramin ma'aikaci, watau hana shi ladansa, da kuma ramuwar gayya daga ubangidansa in ya nemi haƙƙinsa.

Tushen maganar shi ne Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda har yanzu ake aiki da ita. Sashe na 15 ya wajabta a biya lada a ƙarshen lokacin da aka yi yarjejeniya a kansa, kada kuma tsakanin biya da biya ya wuce wata guda. Sashe na 5 ya hana ubangida ya ci ma'aikaci tara ta hanyar yanke masa albashi yadda ya ga dama. Sashe na 7 kuwa ya ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki kafin wata uku su cika. A ganinmu wannan sashe shi ne ginshiƙin sauran, domin wanda ba shi da takarda a hannu, da wuya ya tabbatar wa alƙali nawa aka yi masa alkawari.

Game da ramuwar gayya, sashe na 9 ya hana a kori mutum ko a cuce shi saboda ya shiga ƙungiyar ƙwadago. Amma fa kariyar ba ta da faɗi. Sashe na 11 ya bar wa ubangida damar sallama in ya ba da sanarwa, daga kwana ɗaya zuwa wata guda gwargwadon daɗewar ma'aikaci. Gyaran Tsarin Mulki na 2010 ne ya rage wannan giɓi, da ya ba Kotun Ƙwadago ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1976, ikon sauraron ƙararraki kan rashin adalci a wurin aiki.

To, in muka dawo Katsina, wa dokar take karewa? Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 125 a 1981 zuwa naira 70,000 a 2024, sai dai dokar 2019 ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Yaron shago a Babbar Kasuwa, da mai gashi a gidan burodi, da malamar ƙaramar makarantar kuɗi, galibinsu a irin waɗannan wurare suke. Ɗan aikin gida kuwa, ma'anar “ma'aikaci” ta sashe na 91 ma ba ta haɗa da shi ba.

Har wa yau akwai kunya. Sau da yawa ubangida ɗan'uwa ne ko aminin mahaifi, kai shi kotu kuwa abin zargi ne a unguwa. Saboda haka akan kai kuka wurin mai unguwa ko shugabannin kasuwa, su sasanta. Sulhun kan fitar da wani abu daga bashin, amma ba ya hana a sallami yaron bayan an watse.