Me Ya Sa Waya Takan Shiga a Kan Tudu, Ta Ƙi a Fadama?

Duk inda muka ziyarci ƙungiyoyin manoma, kuka ɗaya muke ji. Mutum yana so ya ji kuɗin buhun masara a kasuwa kafin ɗan baranda ya taya masa, amma waya ta ƙi shiga. Waɗansu har sun sayi sabuwa, abin bai sake ba. Bari mu duba inda laifin yake.

Wayar hannu ƙaramar rediyo ce mai ji da magana. Ba ta magana da wayar ɗan'uwanka kai tsaye, ko da kuna zaune a tabarma ɗaya. Takan aika muryarka ta iska zuwa dogon ƙarfen sabis na kusa. Daga nan maganar takan bi waya ta ƙarƙashin ƙasa, ko kuwa ta tsallaka daga ƙarfe zuwa ƙarfe, har ta kai na'urar kamfani. Ita ce take duba lambar, ta nemo ƙarfen da yake kusa da wanda kake kira.

Watau an raba ƙasa kamar gandu, kowane ƙarfe da yankinsa. Idan kana cikin mota, wannan ƙarfe yakan miƙa ka ga na gaba ba tare da ka sani ba. A tsarin GSM, wanda ya soma aiki a Nijeriya cikin Agusta 2001, iyakar nisan da ƙarfe yakan kai kilomita 35 ne. Duwatsu da kwari suna rage wannan ƙwarai. Kuma kowane ƙarfe yana da iyakar kiran da zai ɗauka, shi ya sa layi yakan cushe ranar kasuwa. In kuwa man janaretansa ya ƙare, batir ya mutu, sai yankin duka ya yi shiru.

To, 'yan'uwa, kada ku yi gaggawar sake waya. Ku hau tudu ko ku fita fili. In sabis ya yi rauni, ku aika saƙon tes, gama yakan wuce inda murya ta kasa. Ku sani kuma caji yakan ƙare da wuri a nesa da ƙarfe, domin waya tana ta ƙoƙarin ɗaga murya. Kafin ƙungiya ta sayi layi, a gwada na kowane kamfani a ƙauyen, sa'an nan a sanar da masu sayen amfaninmu lokacin da za su same mu.